Filasko da Alobera a Ɗakin Gwaji: Shin Maganin Wankin Ciki Yana Taɓa Ƙwayoyin Gado?

Wankin ciki tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma ganyen da ya fi suna a wannan aiki shi ne filasko. Ana jiƙa shi ko a tafasa shi, wasu su haɗa da tsamiya domin ta rage masa bauri, a sha da dare, gari na wayewa ciki ya buɗe. Ɗan'uwansa sanamakki, wanda ake tsinkowa a dazukan Sudan kuma ake nomawa a kudancin Indiya, yana nan a shagunan magungunan Musulunci, an ambace shi a littattafan hadisi da na tsoffin masana magani, kuma shi ne sinadarin da ke aiki a cikin da yawa daga shayin rage tumbi da ake tallatawa a kafafen sada zumunta. Babu mai musun cewa waɗannan ganyayyaki suna aiki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya sanamakki a jerin magungunan da take ganin wajibi ne kowace ƙasa ta tanada. Tambayar da ta hana masana da hukumomi sakat tun shekarun 1980 wata ce dabam: shin sinadaran da ke motsa hanjin suna yi wa ƙwayoyin gadon da ke cikin jikinsa lahani a ɓoye, lahanin da ba zai bayyana ba sai bayan shekaru, a matsayin ciwon daji?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA, wato rubutaccen umarnin da take bi wajen rayuwa da rabuwa, kuma duk lokacin da za ta rabu biyu sai ta kwafe wannan umarni gaba ɗaya. Lamarin ya yi kama da na mai kwafar littafi da hannu: idan ya ɓata harafi ɗaya, kuma aka ci gaba da kwafa daga nasa kwafin, kuskuren zai bi duk kwafin da zai biyo baya, ba tare da kowa ya san inda ya faro ba. Jiki yana gyara mafi yawan irin wannan ɓarna, amma wadda ta kuɓuce, musamman idan ta faɗa kan ɓangaren da ke tsawata wa ƙwaya kada ta yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa, ita ce kan zama tushen sankara. Fatar da ta lulluɓe cikin babban hanji tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki kaɗan, saboda haka kwafa ba ta tsayawa a wurin, kuma can ne daidai inda maganin wankin ciki yake sauke ƙarfinsa.

Wannan ne ya sa hujjar nan da aka fi kafawa, cewa kaka da kakanni sun sha ba abin da ya same su, ba ta isa ta rufe magana ba. Daɗewar amfani da magani tana iya tona asirin gubar da ke kwantar da mutum cikin kwana ɗaya ko mako ɗaya, domin jama'a za su haɗa abin da aka sha da abin da ya biyo baya. Ba ta iya tona asirin abin da ke ƙara haɗarin ciwon daji bayan shekara ashirin, domin a lokacin babu wanda zai tuna da wani jiƙo, balle ya zarge shi. An ga haka a kan finolfitalin, sinadarin da ya kusa shekara ɗari a cikin magungunan buɗe ciki na kanti a Amurka ba tare da wani ƙorafi mai ƙarfi ba, har zuwa 1996 da gwajin gwamnati ya nuna yana haifar da ƙari a jikin ɓeraye, aka hana sayar da shi a 1999. Shahararren maganin nan Ex-Lax ya cire shi ya maye gurbinsa da sanamakki. Kasancewar abu tsiro ma ba ta wanke shi: a farkon shekarun 1990 mata sama da ɗari a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka cakuɗa shi da tsiron Aristolochia, da yawa daga cikinsu suka kamu da sankarar hanyar fitsari, kuma daga baya aka gano tambarin ɓarnar sinadarin a cikin DNA ɗinsu.

Sanamakki da filasko da ruwan ɗacin nan mai launin rawaya da ke fita daga ƙarƙashin bawon alobera, da kuma sassaƙen kaskara da saiwar rubab da Turawa da mutanen Sin ke amfani da su, duk suna buɗe ciki ne da dangin sinadari guda, wanda ake kira antirakwinon. A cikin sanamakki babban mai aikin shi ne senosaid, wanda yake zuwa ɗaure da sukari, don haka yake wuce tumbi da ƙaramin hanji kusan ba tare da ya shiga jini ba. Sai ya isa babban hanji bakteriyar da ke zaune a can su kwance masa sukarin, su mayar da shi abin da ke zaburar da hanji ya kuma tara ruwa a cikinsa, abin da ya sa maganin ke ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ya yi aiki. Tare da senosaid akwai ƙananan 'yan'uwansa, irin su emodin da alo-emodin, waɗanda ba su da yawa a ganyen amma su ne tushen zargin, domin ƙirarsu shimfiɗaɗɗiya ce da ke iya kutsawa tsakanin matakalan DNA, kuma an nuna suna iya kawo cikas ga sinadarin da ke warware murɗewar DNA lokacin kwafa. Wani ɗan dangin da ake haɗawa a masana'anta, dantiron, an janye shi daga kasuwar Amurka a 1987 bayan ya haifar da ƙari a hanji da hantar dabbobin gwaji.

Matakin farko na bincike, wanda ƙa'idar da Hukumar Magunguna ta Turai ta fitar a 2008 ta ɗora a kan magungunan tsirrai, shi ne gwajin da Bruce Ames ya ƙirƙiro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1970. Ana ɗaukar bakteriyar Salmonella da aka nakasa ta yadda ba za ta iya haɗa wani sinadarin gina jiki mai suna histidin ba, a shimfiɗa miliyoyinta a faranti mai abincin da kusan babu histidin a cikinsa, a zuba abin da ake zargi, sau da yawa tare da ruwan hantar ɓera domin a kwaikwayi yadda hanta ke sarrafa magani. Bayan kwana biyu ko uku a ɗumi irin na jikin mutum, sai a ɗauko farantin a duba shi a gaban haske. Idan babu komai sai 'yan ɗigo-ɗigo farare nan da can, kamar yadda ake gani a farantin da ba a zuba masa komai ba, abin bai taɓa DNA ba. Idan farantin ya cika da ɗigo, kowane ɗigo zuriyar bakteriya ɗaya ce da umarninta ya sauya har ta dawo tana haɗa histidin, kuma wannan shaida ce cewa abin da aka zuba yana sauya rubutun gado. Emodin da alo-emodin sun sha cika farantin wasu nau'o'in wannan bakteriya, yayin da tsantsar senosaid galibi ba ya yin haka.

Sai dai faranti ba mutum ba ne, kuma jiƙon ganye yana da hanyoyi da dama na ruɗar wannan gwaji. Idan ganyen yana ɗauke da histidin nasa, bakteriyar za ta ƙara yawa ta ba da sakamakon da ya zarce gaskiya, idan kuma yana kashe bakteriya, farantin zai fito fes a ɗauka babu laifi. Akwai ma sinadarai irin su kwasetin, wanda ke cikin albasar da muke ci kullum, da ke nuna alamar laifi a faranti alhali ba a tabbatar suna haifar wa mutum da sankara ba. Saboda haka ake matsawa zuwa jikin dabba. Gwajin da aka fi yi a nan shi ne a ba ɓera abin, sannan a duba sababbin ƙwayoyin jini a ɓargonsa ko za a ga gutsattsarin DNA da suka ɓalle suka zauna a gefe. Akasarin irin wannan gwaji a kan sanamakki da sinadaransa bai nuna ɓarna ba, kuma kamfanoni sun daɗe suna dogaro da shi.

A nan ne, a ganina, mahawarar take da nauyi, domin tambayar da ya kamata a yi wa duk sakamako mai faranta rai ita ce: shin abin ya isa wurin da aka duba? Maganin da aka san yana wucewa har babban hanji kafin ya farka, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, kuma hanta ke saurin ɗaure wannan kaɗan ɗin ta fitar, ba lallai ne ya kai ɓargo da yawan da zai yi wani abu ba. Wanke shi a ɓargo bai wanke shi a hanji ba. Wannan gibi ne ya ɗaga darajar wani gwaji da aka fara a Suwidin a 1984, wanda ake iya yi a kan kowace gaɓa. Ana ɗebo ƙwayoyin hanjin dabbar da ta sha maganin, a dasa su a cikin wani abu mai kama da daskararren kunu a kan gilashi, a narkar da bawonsu, a ratsa wutar lantarki mai rauni. DNA ɗin da ke lafiya yana zama a dunƙule, wanda ya kakkarye kuma gutsattsarinsa su janyu gefe guda, har hoton ya fito a madubin ƙara girma kamar tauraro mai wutsiya, wanda daga nan ne gwajin ya samo sunansa na comet, wato tauraro mai wutsiya. Gwargwadon abin da ya taru a wutsiyar, gwargwadon ɓarnar. A 2009 wani bincike a Faransa ya ba da rahoton cewa alo-emodin ya haifar da wannan wutsiya a ƙwayoyin babban hanji da ƙodar ƙananan ɓeraye (nau'in da ake kira mice a Turance), amma a 2021 wasu masana a Italiya suka maimaita gwajin da sinadari mai tsafta sosai ba su ga ɓarnar ba. Har yau kowane ɓangare yana riƙe da binciken da ya goyi bayansa.

Gwajin da ya fi kowanne tsada da ɗaukar lokaci shi ne a ciyar da dabba abin har shekara biyu a ga ko ƙari zai fito, kuma a nan hanyar sanamakki da ta alobera suka rabu. Shirin Binciken Guba na Ƙasa na Amurka ya zuba tatsattsen ruwan ganyen alobera sukutum, wanda ba a tace ɗacinsa ba, a ruwan shan ɓeraye, kuma rahotonsa na 2013 ya ce akwai bayyananniyar shaida ta ƙari a babban hanjin manyan ɓeraye (nau'in da ake kira rats a Turance), maza da mata, ko da yake ba a ga haka a ƙananan ɓeraye ba. A kan haka ne cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan nau'i na alobera a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haifar wa ɗan Adam da sankara. Ya kamata a lura cewa hukuncin bai shafi farin ruwan nan mai yauƙi na tsakiyar ganyen ba idan an raba shi da ɗacin, kuma bai shafi shafawa a fata ba. Sanamakki kuwa ya fita da sauƙi: binciken shekara biyu da aka wallafa a 2006 bai ga ƙari a manyan ɓeraye ba, haka ma binciken da shirin na Amurka ya fitar a 2012 a kan ɓerayen da aka ƙirƙira masu saurin kamuwa da sankara, sai dai an ga fatar hanjinsu ta yi kauri saboda yawan rabuwar ƙwayoyinta.

Wannan kauri ya buɗe wata tambaya da kan gaba ɗaya hukunci yake ratayawa. Abu yana iya haifar da ƙari ta hanya biyu. Yana iya ɓata DNA kai tsaye, kuma a irin wannan hali hukumomi sukan ɗauka cewa babu wani adadi da za a rantse ba shi da haɗari, komai ƙanƙantarsa. Yana kuma iya yin ta gurzar hanji wata da watanni, ya tilasta wa ƙwayoyi yawan rabuwa har kuskure ya auku da kansa, kuma a wannan hali akwai iyaka, wanda ya tsaya ƙasa da ita ko ya sha na ɗan lokaci bai shiga haɗarin ba. Idan ƙarin da aka gani a ɓeraye ta hanya ta biyu ya zo, shawarar da ta dace ita ce a taƙaita yawa da tsawon lokaci, idan kuwa ta farko ce, sai a yi maganar hani. Binciken da aka yi a kan mutane bai raba gardamar ba. A Jamus, wani nazari na 1993 ya sami alaƙa tsakanin sankarar hanji da baƙin da cikin hanji ke yi ga masu yawan shan waɗannan magunguna, wani kuma na 2000 bai same ta ba, kuma kullum akwai yiwuwar cewa cushewar cikin da ta sa mutum neman magani ita kanta alamar farko ce ta ciwon da bai riga ya bayyana ba.

Hukumomi sun bi hanyoyi mabambanta da wannan shaida guda. A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire alobera da kaskara daga jerin magungunan buɗe ciki da ake saye ba tare da takardar likita ba, kuma dalilinta shi ne kamfanoni ba su kawo sakamakon gwajin da ta nema ba, yayin da ta bar sanamakki. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a ɗauki dangin sinadarin a matsayin masu taɓa DNA har sai an kawo shaidar akasin haka, kuma ba za ta iya ayyana adadin da za a sha kullum ba tare da damuwa ba. A 2021 Tarayyar ta hana sanya emodin da alo-emodin da dantiron da haɗin ganyen alo mai ɗauke da su a cikin abinci da ƙarin abinci, ta sanya sanamakki da kaskara da rubab ƙarƙashin sa ido. Masu sana'ar suka kawo sababbin gwaje-gwaje da ba su nuna illa ba, amma a 2024 hukumar ta ce ba su isa ba, domin sinadarin da ake zargi kan yi ƙaranci a cikin haɗin ganye har gwaji ya kasa jin ɗuriyarsa. A watan Nuwamba na 2024 kuma wata kotun Tarayyar ta soke sassa na hanin, tana ganin an hana abu ba tare da la'akari da yawan da ke cikinsa ba. Duk wannan ja-in-ja a kan abinci ne. A matsayin magani, sanamakki yana nan a kantunan Turai, da sharuɗɗa rubutattu: kada a wuce miligiram 30 na sinadarin a rana, kada a wuce mako ɗaya sai da izinin likita, ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, kuma mai ciki da mai shayarwa su ƙaurace masa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗauko wannan sakamako a shafa wa abin da ba shi aka gwada ba. Binciken da aka ambata a kan wannan dangin ganye an yi shi ne a kan Senna alexandrina, wato sanamakki, kuma a kan samfurin da aka auna yawan kowane sinadari a cikinsa. Filaskon da ke fitowa a jejinmu nau'i ne dabam, Senna italica, kuma yawan sinadaran ganye yana sauyawa da ƙasar da ya fito, da lokacin tsinka, da yadda aka busar da shi, da ko jiƙa shi aka yi ko tafasawa. Mai maganin da ya ɗibi garin ganye da yatsu uku ya ƙulle a leda, ya ce a zuba a kofi ɗaya a sha kafin kwanciya, yana iya zama mutum mai gaskiya da ya gaji sana'ar, amma shi da mai saye duk ba su san ko ƙullin ya kai miligiram 10 ko ya haura 60 ba. Idan kuma haɗi ne na basir ko na shawara mai sassaƙe da saiwoyi iri-iri, to sabon abu ne da babu wani gwajin waje da ya yi magana a kansa, ko ta wanke shi ko ta kama shi.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya ma tana buƙatar a fahimce ta yadda take. Mafi yawan irin waɗannan magunguna suna matakin jerantawa ne, wanda ake gane shi da harafin L a ƙarshen lambar, kuma a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Lambar tana da amfani, domin tana nuna an san mai haɗawa kuma an duba tsafta da guba ta kusa, amma tabbatar da cewa abu ba ya kashe dabba cikin 'yan kwanaki tambaya ce dabam da ko yana karya DNA ɗin hanjinta. Gwajin Ames kuwa ba ya buƙatar kayan da suka fi ƙarfin sassan harhaɗa magunguna na jami'o'inmu ko cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja. Abin da ya kamata shi ne a fara da auna yawan senosaid da emodin da alo-emodin a filasko da shayin rage tumbi da ke kasuwa, a bi da gwajin faranti, duk wanda ya nuna alama a kai shi gwajin ƙwayoyin hanji, sannan a wajabta rubuta adadi da iyakar kwanaki a jikin kowane fakiti, da Hausa a inda masu saye Hausawa ne.

Kafin a kai can, shaidar da ke hannu ta isa a bambance mutum biyu. Baligin da cikinsa ya cushe ya sha sanamakki na awo kwana biyu ko uku ya daina, babu wani bincike mai ƙarfi da ya nuna ya jefa kansa cikin haɗarin sankara. Wanda ya mayar da shi shayin kowace safiya domin tumbi ya faɗa, ko yake haɗiyar ɗacin alobera wata bayan wata, shi ne yake cikin yanayin da ya fi kama da na ɓerayen da aka ga sauyi a hanjinsu, ga kuma asarar ruwa da sinadarin fotasiyam da ke iya taɓa bugun zuciya tun kafin a zo maganar DNA. Mai ciki, da ƙaramin yaro, da wanda ya ga jini a bahayarsa ko cushewar cikinsa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, waɗannan asibiti ya kamata su nufa a duba musabbabin, maimakon ƙara yawan ganyen.